Aida Overton Walker: 'yar rawa ce ko mai tsara rawa?

Ƙanwata kin ce kina haɗa aikin kammala digiri kan matan da suka tsara rawa a dandamali sai kika ci karo da sunan Aida Overton Walker, wani wuri a ce mata sarauniyar rawar cakewalk wani wuri kuma a ce matar George Walker kawai a wuce, shine kike so ki san ita ɗin 'yar rawa ce ko mai tsara rawa, kuma in har ta kai yadda ake faɗa me yasa ba kowa ya santa ba. To duka biyun ce, tana rawa tana waƙa tana fitowa a wasa, amma ni dai in aka ce in faɗi sana'arta da kalma ɗaya zan ce mai tsara rawa ce, don nan ne aikinta yafi nauyi kuma nan ne aka fi cin haƙƙinta. Shekara da shekaru ina koyar da tarihin wasan dandamali kuma duk shekara sai na kawo ta a aji, ki yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

An haife ta ran 14 ga Fabrairu 1880, sunanta na yanka Ada Overton, a New York ta tashi. Ki lura da shekarar, 1865 aka soke bauta a Amurka, kinga shekara 15 ne kacal tsakani, manyan da ta buɗe ido ta gani da yawansu a gandun bayi aka haife su. Wasan da yafi kasuwa a ƙasar a lokacin kuwa shine wanda turawa zasu ƙona toshiyar kwalba su kwaɓa baƙin su shafe fuska da shi, su zana ƙaton leɓe, su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawa malalaci ɓarawon kaji, jama'a na ta dariya. Abin ya kai har shi baƙin mutum in yana son ya ci abinci a harkar sai shima ya ƙara shafa baƙi a kan baƙinsa. Cikin wannan kasuwar ta shigo tana 'yar sha biyar sha shida, a layin 'yan amshi, har ta samu shiga Black Patti Troubadours, ƙungiyar shahararriyar mawaƙiyar nan Sissieretta Jones.

Sai mun tsaya kan ita rawar cakewalk ɗin tukuna don in baki gane ta ba bazaki gane matar ba. Ma'anar sunan dai tafiyar kek, saboda miji da mata ko saurayi da budurwa ne ke fitowa bibbiyu ana gasa, waɗanda suka fi iya taku a basu kek. A gandayen bayi na kudancin Amurka ta samo asali, kuma asalinta shaguɓe ne. Bayi na leƙen iyayen gidansu in suna bikinsu a babban gida, yadda suke tafiya a sandare da ɗaga haɓa da rusunawar ƙarya, sai su koma su kwaikwaya su ƙara mata gishiri, a ja baya a banƙare ƙirji a ɗaga ƙafa sama kamar dokin da ke taƙama ranar hawa, namiji na juya kwagiri yana cire malfa, mace na rangwaɗa tana riƙe gefen siket. Su kuma iyayen gidan su zauna suna kallo suna jin daɗi wai bayinsu na ƙoƙarin koyon wayewa sun kasa, har su ne ma ke bada kek ɗin. Ana zaginka a gabanka kana tafi.

Na taɓa sa ɗalibaina su gwada ta a aji, mun ture kujeru gefe na jera su bibbiyu. A ido kamar wasa, amma minti uku ba a yi ba wata ta dafe ƙugu ta zauna a ƙasa tana cewa malama bayana, don jikinki gaba ɗaya a karkace yake baya, nauyinki na kan ƙafa ɗaya, ɗayar kuma dole ta tashi a miƙe ba tare da kafaɗa ta motsa ba, fuska kuma a sake kamar ba abin da ke damunki. Wani yaro da ya ɗauka barkwanci ne ya dinga wage baki yana zare ido kowa na dariya, sai na tsayar da shi nace to ka ga wannan da kayi ita ce irin ta masu shafa baƙi, yanzu sake yi ka rufe bakinka ka kalli abokiyar rawarka kamar kai ne mai gidan. Da ya sake ajin yayi tsit. Tazarar da ke tsakanin yinsa na farko da na biyu ita ce aikin da Aida ta shafe rayuwarta tana yi.

Ta haɗu da George Walker, abokin wasan Bert Williams, suka yi aure a 1899, ta shiga kamfaninsu na Williams and Walker. Rabon aikinsu a dandamali sananne ne, Williams dogo mai sanyin jiki shi ke shafa baƙi ya fito a marar sa'a wanda kullum ake cuta, Walker kuma ɗan gayu ne mai kwat da safar hannu da murmushi, baya shafa komai. Itama bata shafa ba, kuma bata yarda ta fito a baiwar gandu mai ɗaurin kallabi da ake sa mata baƙaƙe ba. Sun yi The Policy Players a 1899, Sons of Ham a 1900 inda waƙarta ta fito da ita sosai. Kar ki ɗauka kuma suna ya kare su, a watan Agustan 1900 ɗin nan rikicin launin fata ya ɓarke a New York, gungun turawa suka bi titi suna dukan duk baƙin da suka gani, har sunayen su Williams da Walker ake kira a nemo su.

Yanzu me ake nufi da tsara rawa a irin wannan kamfani, don naga ɗalibai da yawa suna ɗauka koya wa mutane taku ne kawai. Ba haka bane. Kina da mutum ashirin ko talatin a fili ɗaya, kowa da tsawonsa da saurin ɗaukarsa, sai kin san wa zai shigo ta dama wa zai shigo ta hagu, a kan wane bugu na kiɗa, layi nawa, yaushe layin zai tsage biyu tauraro ya ratso ta tsakiya, ina zasu tsaya da bazasu tare wa na kujerar gefe kallo ba, wace riga ce zata bar ƙafa ta tashi wace ce zata harɗe mutum, sannan ki tsaya kan bita safe da yamma har jikinsu ya haddace, gobe a hau jirgin ƙasa a sauka wani gari a tarar da dandamalin ya fi na jiya ƙanƙanta ki sake lissafi kafin dare. Wannan ɗawainiyar ita ta riƙe ta a manyan wasanninsu, In Dahomey da Abyssinia da Bandanna Land, bayan kuma nata fitowar.

In Dahomey shine wanda ya kafa tarihi. An buɗe shi ran 18 ga Fabrairu 1903 a New York Theatre, shine cikakken wasan waƙa da rawa na farko da baƙaƙe suka rubuta suka kuma taka a babban gidan wasa na Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York. Will Marion Cook yayi kiɗan, Jesse Shipp ya rubuta labarin, mawaƙi Paul Laurence Dunbar na cikin masu baitukan, ita kuma ta fito a Rosetta Lightfoot. Dahomey ɗin kuwa wadda kika sani ce, Jamhuriyar Benin ta yau maƙwabciyarmu. Yadda sunan ya shiga kansu ma labari ne, a 1894 anyi wani baje koli a San Francisco da aka shirya kawo mutanen Dahomey a ajiye ana kallonsu kamar kayan gidan zu, jirginsu ya makara, sai aka ɗauki baƙaƙen gari haya a sa musu fatu su fito a matsayinsu, Williams da Walker na cikin waɗanda aka ɗauka. Da 'yan Dahomey na gaske suka iso su Williams suka tsaya suna kallonsu, a shekarar da Faransa ta kama sarkinsu Behanzin kenan. Gaskiya dai Afirkar da ke cikin wasan ta mafarki ce, labarin wasu 'yan damfara biyu ne da ƙungiyar masu son komawa Afirka, in kika karanta yau wasu wuraren zasu sosa miki rai, amma a wancan lokacin a ce baƙi ya hau dandamali da kayan sarauta ba tsumman gandu ba babban abu ne.

Sau 53 aka nuna shi a New York sannan suka haye Landan, gidan wasa na Shaftesbury, a watan Mayu, suka yi wata bakwai. Ran 23 ga Yuni 1903 aka kira su fadar Buckingham bikin cikar jikan Sarki Edward na Bakwai shekara tara. Duk sanda na zo nan a aji sai na ɗan dakata, don 1903 ba baƙuwar shekara bace a wurinmu, a Fabrairun ne turawa suka ci Kano, a Maris suka shiga Sakkwato, a Yuli aka yi Burmi, duk da sunan wannan sarkin da ake wa rawar kek a lambunsa. Yaron da aka yi wa bikin kuma shine Yariman Wales ɗin da yazo Kano a 1925 aka yi masa hawan daba. Ba wani abu ya haɗa Aida da wannan ba, ina dai so ki san a wace duniya take rawar.

Wannan zuwa fada shi mutane suka fi ambata in ana maganarta, ni kuma bai cika burge ni ba. Abin da ya biyo baya yafi ban sha'awa. A wannan shekarar ta canza rubutun sunanta daga Ada zuwa Aida, kuma matan masu kuɗi na New York da na Landan suka dinga gayyatarta gidajensu tana koya musu rawar kek. Ki tsaya ki duba zagayen, bayi sun ƙirƙiri rawa don yi wa masu gida shaguɓe, turawa masu shafa baƙi sun ɗauke ta sun mayar abin yi wa baƙaƙe dariya, sai ga baƙar mace ta karɓo ta ta wanke ta ta goge, ta koma falon jikokin masu gidan tana gyara musu tsayuwa tana cewa ɗaga haɓarki, kuma su biya ta. Akwai masu sukarta a yau cewa ta zare wa rawar dafinta don ta samu shiga, ta mayar da ita kayan ado. Sukar nada ƙamshin gaskiya bana musu. Sai dai dafin ai tun kafin a haife ta masu shafa baƙi suka zubar da shi, abin da ta tarar rawar wawaye ce, ita ta dawo mata da ƙasaita, kuma ƙasaitar baƙar mace a gaban turawan 1903 ba ƙaramin dafi bane.

Faɗanta kuma ba da turawa kaɗai bane. Cikin baƙaƙen ma masu ilimi da 'yan coci kallon 'yar iska suke wa duk macen da ta hau dandamali, wannan kam bana buƙatar yi miki bayani kin san irinsa. A 1905 ta yi rubutu a mujallar Colored American Magazine tana kare sana'ar, hujjarta ita ce ɗan wasa yana haɗuwa da turawa fiye da mai kowace sana'a a cikin baƙaƙe, don haka yafi kowa damar rage ƙyamar launin fata, ta kuma ja hankalin 'yan mata masu son shigowa su yi karatu su kama kansu. Ta kuma koka kan wani abu da ni a ganina shine yafi nuna ƙuncin da suke aiki a ciki, wato duk wasannin da ta yi babu labarin soyayya na gaske ko ɗaya, saboda turawa 'yan kallo bazasu lamunci ganin baƙi biyu suna son juna da gaske ba sai dai da sigar barkwanci. Mata da miji ne fa suke wasa tare kullum dare amma ba dama. Sai a 1921 wasan Shuffle Along ya karya wannan, lokacin ta riga ta rasu.

Abyssinia a 1906 sun zuba kuɗi, labari ya koma Habashar Sarki Menelik wanda ya kori Italiya a Adwa shekara goma kafin nan, har raƙuma masu rai aka hau da su dandamali, wasu masu sharhi na turawa suka yi ta ƙorafin wai wasan yayi ƙyale-ƙyale da yawa bai yi kama da na baƙaƙe ba. Bandanna Land a 1908 ya dawo gida Amurka kuma ya samu kasuwa sosai. A cikinsa ne ta yi rawar Salome, budurwar nan ta labarin Linjila da ta yi rawa a gaban Sarki Hirudus, rawar da a shekarar ta zama annoba, kowace 'yar rawa baturiya na yi da ɗan gyale shara-shara rabin jiki a waje, bayan an dakatar da wasan Richard Strauss mai wannan suna a New York a 1907 daga nunawa ɗaya saboda surutun jama'a. Ita da ta tashi yi sai ta rufe jikinta ta bar motsi da yanayin fuska su ɗauki labarin. Lissafi ne, ta san abin da za a yafe wa baturiya a kira shi fasaha in ita ta yi wani suna za a bashi.

To a cikin Bandanna Land ɗin nan ne abin da nafi girmama ta da shi ya faru. George ya fara rashin lafiya, ciwon tunjere ne da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, a lokacin babu maganinsa, ya fara in'ina a dandamali yana manta baiti, zuwa farkon 1909 dole ya sauka. Kamfani mai ɗauke da mutane da yawa, an sayar da tikiti, garuruwa na jira. Sai ta sa kayansa, kwat da wando da malfa da kwagiri, ta fito tana rera waƙarsa Bon Bon Buddy tana taka irin takunsa. Ki auna wannan da idon mai sana'a ba da idon tausayi kawai ba. Takun namiji a rawar kek daban yake da na mace, inda nauyi ke sauka daban, abin da hannu ke yi daban, mutum baya tashi dare ɗaya ya iya sai in dama shi ke tsaye a gaban madubi yana gyara wa mai shi. Duk wanda ke neman shaidar cewa ita ke gina rawar kamfanin to ga ta nan. George ya rasu a Janairun 1911.

Bayan nan sauri zan yi. Ta shiga The Red Moon na Bob Cole da Rosamond Johnson a 1909, ta yi His Honor the Barber da kamfanin Smart Set na S. H. Dudley, ta sake yin Salome a 1912 a gidan wasan Victoria na su Hammerstein. Ta kafa ƙungiyoyin 'yan mata tana horar da su tana tsara musu rawa da sutura, irin su Porto Rico Girls da Happy Girls, tana shirya wasa don tara wa gidan White Rose kuɗi, gidan da ke karɓar 'yan mata baƙaƙe da suka zo New York neman aiki. Ta rasu ran 11 ga Oktoba 1914 da ciwon ƙoda tana da shekara 34.

Saura tambayarki ta biyu, me ya ɓatar da sunanta. Mutuwar wuri na ciki, kuma ba ita kaɗai ba, Ernest Hogan ya rasu a 1909, George Walker da Bob Cole duk a 1911, Bert Williams kuma ya koma wasan Ziegfeld Follies na turawa a 1910, kinga cikin shekara uku ginshiƙan suka zube, wasan baƙaƙe ya kusa ɓacewa daga Broadway har 1921. Amma babban dalilin a sana'ar kanta yake. Mai kiɗa yana barin takarda, marubuci yana barin littafi, mawaƙi yana barin faifai, Bert Williams har yau ana jin muryarsa a faifai, mai tsara rawa kuwa a jikin mutane yake rubutu, ranar da aka rufe wasa kowa ya tafi da nasa. Tsarin rubuta rawa na Laban sai 1928 ya fito. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka bata ambaci tsara rawa da sunansa ba sai a ta 1976, tun a 1892 ma Loie Fuller ta kai ƙarar wadda ta kwafi rawarta kotu tace rawar da bata bada labari ba ba abin karewa bace. Shi kanshi sunan sana'ar sai a 1936 aka fara ganinsa da daraja a fostar Broadway, lokacin da George Balanchine yayi On Your Toes, kafin nan sai dai a rubuta wane ya shirya raye-raye da ƙananan haruffa, ko a bari gaba ɗaya. In turawa maza irin su Ned Wayburn da Julian Mitchell sun samu an san su saboda suna tare da Ziegfeld, to baƙar mace da ake gani a matsayin matar mai kamfani fa? Aikinta sai a lissafa shi cikin hidimar gida.

Abin nan bai mutu ba. Ni kaina na taɓa shafe wata biyu ina tsara rawar wani wasa, ranar buɗewa na karɓi takardar shiri na duba gaba da baya, ga sunan mai fitila ga na mai kwalliya har na wanda ya bada aron kujeru, nawa babu, da na yi magana aka ce ai malama kowa ya san ke kika yi.

Don aikin naki, kar ki tsaya kan fosta kawai, ki bi jaridun baƙaƙe na lokacin irin su New York Age da Indianapolis Freeman, su suka fi faɗin wa yayi me. Ki kuma nemi fim ɗin Lime Kiln Club Field Day na Bert Williams, an ɗauke shi a 1913 ba a ƙarasa ba aka ajiye, sai a 2014 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya haɗa shi ya nuna. Aida bata ciki, amma akwai doguwar fitowar rawar kek da mutanen zamaninta suka taka da ƙafarsu. In kin samu ki kalla sau biyu, na farko ki bi taurarin, na biyu ki rage gudun ki bi matan da ke layin, ki duba inda suke ajiye kafaɗa da yadda suke juyawa a ƙarshen fili ba tare da layi ya karye ba, sai ki rubuto min abin da kika gani.